Sunana a Ƙofar Ginin da Ban Yi Ba

Wannan babin don ku na rubuta shi, Kabiru da Asma'u da Sadiya, ba don mutanen gari ba. Mutanen gari sun riga sun yanke mini hukunci a teburin mai shayi na bakin tashar Faskari, ba na kuma tsammanin za su sake zama don su warware shi. Amma ku kuna ɗauke da sunana duk inda kuka shiga, na kuma san abin da ake faɗa a bayanku in an ji shi: wai ku ne 'ya'yan malamin nan da ya yaudari manoma da takin ƙarya. Ƙarya ce tsagwaronta. Na yi shiru a kanta shekaru saboda Inna, kakarku, ta ɗaure mini baki. Inna ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta, alkawarin kuwa da ranta aka ƙulla shi. Yanzu sai ku saurara.

Dole in fara da bayanin sana'ar, ko da yake na san Kabiru in ya ga baƙin allon kwamfuta sai ya ce kansa na ciwo. Lissafi na koyar tsawon aikina. Da furfurata na koyi rubuta manhaja, lokacin ina Ƙanƙara, abokan aikina suna mini dariya wai tsoho ya shiga wasan yara. Da na ajiye aiki sai na buɗe ɗan aji a shagon ƙofar gidanmu, ina koya wa samari da 'yan mata. Abin da nake koyarwa shi ne wannan: in kun latsa wata manhaja a waya ta kawo muku bayani, ba a cikin wayar bayanin yake ba. Akwai wata kwamfuta can nesa da ake kira saba, waya ta aika mata tambaya, ita kuma ta amsa. To, kafin mutum ya rubuta layi ɗaya na abin da sabarsa za ta riƙa amsawa, akwai tarkacen da dole ya shirya, foldoji da fayiloli da hanyar shiga rumbun bayanai, kuma kullum iri ɗaya ne. Shi ya sa masu sana'ar suka ƙera wasu ƙananan manhajoji na rage wahala. Ka buɗe baƙin allo, ka rubuta umarni layi ɗaya, ta yi maka 'yan tambayoyi, sai ta zubo maka tsarin aikin gaba ɗaya. Kamar dai a haƙa maka tushe a tayar da bango a kafa ƙofa, a bar maka ɗaki wayam. Abin da za ka zuba a ciki kuma ya rage naka.

Matsalar ita ce duk waɗannan manhajoji sai da intanet suke aiki. Sai ga shekarar da aka katse mana sabis saboda ta'asar 'yan bindiga, daga Faskari har Sabuwa har Ƙanƙara waya ta zama abin haska ɗaki kawai. Ajina ya tsaya cik. Ɗalibai su zo su zauna su zuba wa allo ido, ni ma in zuba musu. Mahaifiyarku ta ce in rufe shagon in koma gona kafin abin ya wuce, na ce ban ga dama ba. Na hau mota na tafi Zariya, a hanyar da kowa ke shiga da addu'a a baki, na kwaso duk abin da ake bukata a filashi. Da na dawo na zauna na rubuta tawa manhajar, wadda ba ruwanta da intanet, kuma da Hausa take tambaya. Ɗalibai suka sa mata suna Birkila, wato magini. Na raba ta kyauta, daga filashi zuwa filashi, har ta kai Mairuwa da Pauwa a aljihun mutanen da ban taɓa gani ba. Ba na jin kunyar cewa na yi alfahari da ita.

Ga inda maganar take. Cikin tambayoyin da Birkila ke yi akwai ta sunan marubuci. Duk irin waɗannan manhajoji suna ajiye amsa ta misali a gefen tambaya, in mutum bai rubuta komai ba ya danna maɓallin enta, sai su ɗauki ta misalin. Ni kuma na sa sunana a wurin, don ɗalibi ya ga irin abin da ake nema. Sannan duk sabar da Birkila ta kafa tana da shafin gwaji a ƙofarta, mai cewa sabar tana aiki lafiya, da sunan marubuci a ƙasa. A aji kullum sai na ce su rubuta nasu sunan. Masu hankali suna rubutawa.

A lokacin Nazifi yana gidanmu. Kun san shi, ɗan yayana Alhaji Mamman mai hatsi a Sabuwa. Ba yaro ba ne, ya gama difloma ya zauna ba aiki, ubansa ya turo mini shi in koya masa sana'a. A ɗakin Kabiru yake kwana, kwanonmu ɗaya da shi. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana shi ba, amma ban taɓa ganin mai gudun wahala irinsa ba. In Birkila ta fara tambaya, ko karantawa ba ya yi, sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya wuce. Har 'yan aji suka riƙa kiran sa Nazifi Enta, yana dariya, ni ma ina dariya.

Da sabis ya dawo, gab da faɗuwar damina, ya same ni a shago.

“Baba, ya ake yi saba ta riƙa tura wa mutane saƙo a waya da kanta?”

Na ce, “Mi za ka yi da shi?”

Ya ce, “Wani ɗan aiki ne na samu, na ƙungiyar manoma.”

Na ji daɗi ƙwarai. Na zauna na nuna masa dalla-dalla, har na gaya wa mahaifiyarku cewa yaron nan ya fara kama hanya. Bayan 'yan kwanaki ya ce zai koma Sabuwa ya taya ubansa harka, muka sallame shi da tsaraba.

Abin da ya je ya yi, sai daga baya na haɗa shi. Ya tara abokansa, suka riƙa bin kasuwanni da waya a hannu suna yi wa manoma rajistar takin zamani mai rangwame, wai daga wata ƙungiyar tallafi da babu ita a duniya. Manomi ya biya kuɗin rajista, nan take saƙo ya shigo wayarsa cewa an karɓe shi, ya jira takinsa. Saƙon nan shi ya ci mutane, don sun ga abin kamar na hukuma. Kuma ba kuɗin rajistar ne babbar ɓarna ba. Mutane sun ƙi sayen taki a kasuwa lokacin da ya kamata, suna jiran mai sauƙi. Kafin su farga masara ta yi ruwan ɗorawa a gona, taki kuma ya yi tsadar da ba ya taɓuwa. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da ake nufi in an ce magidanci ya rasa masarar shekara.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Ran kasuwar 'Yankara na je sayen ɗan akuya, sai na ga ina gaishe da mutane suna amsawa da ƙyar. Can sai Malam Ɗanjuma ya tare ni. Dattijo ne manomi, mun yi shekaru muna mutunci, duk kaka sai ya aiko mana da ɗanyar masara. Ko sallamata bai amsa ba, ya miƙo mini wayarsa. Wani da ya san kan kwamfuta ne ya bi diddigin sabar da ke tura saƙon, ya buɗe ƙofarta, ya ɗauki hoton abin da ya gani, hoton kuma ya zagaye wayoyin ƙasar nan kaf. Sabar tana aiki lafiya. Marubuci, Rabe Isiyaku.

“Wanga ba sunanka ba ne, Malam?”

Na ce, “Sunana ne, amma wallahi ba aikina ba ne. Bari in yi maka bayani.”

Ya ce, “Bayanin mi? Ni ban yi boko ba, amma na san in an rubuta sunan mutum a buhu, nashi ne. Ka zo ka ga gonata. Da kai da Allah, Malam Rabe.”

Ya karɓe wayarsa ya juya. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da igiyar akuya a hannu, mutane sun yi mini zobe. Ta yaya zan bayyana wa mutumin da masararsa ta mutu abin da ake nufi da danna enta? Amma a tsayen nan na san wanda ya yi. Mutum ɗaya ne ya tambaye ni yadda ake tura wa manoma saƙo, kuma mutum ɗaya na sani da ba ya iya tsayawa ya rubuta ko sunan kansa.

Washegari na buga sammako sai Sabuwa, inda Inna take zaune a gidan yayana. Bayan azahar muka zauna a ɗakin Inna, ni da Yaya Alhaji da Nazifi. Ban ma gama magana ba Nazifi ya fashe da kuka ya amsa laifinsa, wai abokai ne suka zuga shi, wai bai san sunana zai fito ba. Wannan kam na yarda, don da ya sani da ya san sana'ar. Na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare, gobe mu tafi 'Yankara ya faɗa da bakinsa. Sai Yaya Alhaji ya gyara zama.

“Rabe, ka yi hankali da abin da kake faɗi. Ka san yadda gari yake yanzu. In mutane suka ji shi ne, kana ganin za su bar shi da rai? Kai dattijo ne, an san ka, ba mai taɓa ka. Kwana biyu maganar za ta wuce.”

Na ce, “Yaya, sunana fa ake ja a ƙasa. Ina da 'ya'ya.”

Ya ce, “Shi ba ɗanka ba ne? Kuma wa ya ce ka sa sunanka a cikin abin? Kai ka koya mashi, kai ka ba shi makamin.”

Ku ji fa! Na ciyar da ɗansa, na koya masa sana'a kyauta, ya je ya cuci bayin Allah da ita, amma ni ne mai laifi don na koyar. Raina ya ɓaci har na miƙe tsaye a gaban yayana, abin da ban taɓa yi ba. Sai Inna ta yi magana. Tana kwance a lokacin, ƙafa ta riga ta hana ta tashi.

“Rabe, zauna. Ni dai ba zan ga an kai jikana gidan yari ko an kashe shi ina raye ba. In dai ni na haife ka, ka rufe bakinka muddin ina numfashi. Alhaji zai gyara abin da aka ɓata. Ko ba haka ba, Alhaji?”

“Haka ne, Inna. In an yi kaka zan biya kowa, in kuma wanke shi a hankali.”

Na zauna. Ban ga laifin Inna ba a ranar, ban kuma gani ba yau. Tsohuwa ce tana tsoron jini. Na ce na ji, na yi alkawari. Da na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku, tana tankaɗe, ta ajiye rariyar.

“Malam, ka sayar da mu ke nan. Kai ka yi alkawari, mu za mu biya.”

Na ce, “Umarnin uwa ne, Rakiya.”

Ta ce, “Na ji. Amma ka rubuta ka ajiye, Yaya Alhaji ba zai wanke ka ba. Mutumin da bai taɓa wanke kofin da ya sha ruwa ba?”

Aka kira ni ofishin 'yan sanda na amsa tambayoyi. Na kunna kwamfuta na nuna musu yadda Birkila ke sa sunana a aikin duk wanda ya yi ƙyuya. Suka gane, suka tambaye ni wa nake zargi, na ce manhajar tana hannun mutane da yawa. Gaskiya ce, amma gaskiyar da na faɗa don in ɓoye wata, kuma har yau tana mini ɗaci. Suka sallame ni. Sai dai sallamar ofis ba ta kai teburin mai shayi ba, a can cewa aka yi na sayi kaina. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har na wayi gari ni kaɗai a aji da kwamfutoci a rufe da zane. A masallaci wanda ke gefena ya riƙa sallama ya tashi da sauri kamar ana kiran sa. Duk wannan na shanye, ina cewa kaka na zuwa.

Kaka ta zo, Yaya Alhaji ya cika alkawari irin nasa. Ya loda buhunan masara a mota, ya je 'Yankara ran kasuwa, ya tara waɗanda aka cuta ya raba musu. Da ya tsaya nan da na gode masa. Amma sai ya yi jawabi. Waɗanda ke wurin sun kawo mini maganarsa kalma da kalma.

“Jama'a, ku yi haƙuri. Ɗan'uwa ɗan'uwa ne, ko mi ya yi ba a yar da shi. Na kawo wannan a madadin ƙanena Rabe. Don Allah ku yafe mashi.”

Ku yafe mashi! Kafin ranar akwai masu shakka, akwai masu cewa Malam Rabe ba zai aikata ba. Daga ranar shakka ta ƙare, tunda ga yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya amsa. Shi ya tashi da sunan mai zumunci, har liman ya yi misali da shi. Ɗansa ya tafi Kaduna ya sami aiki da sana'ar da na koya masa. Ni aka bar ni da kashin kajin da aka shafa mini, kuma aka ce in gode. Na je Sabuwa a fusace, ya dube ni ko a jikinsa, ya ce ai ya kashe wutar, mi kuma nake so. Inna tana jin mu daga ɗaki, ta kira sunana sau ɗaya. Na juyo gida.

Abu biyu ne ba zan yafe wa Yaya Alhaji ba sai ya nema da bakinsa. Na farko, Malam Ɗanjuma ya rasu yana ganina macuci. Na je jana'izarsa na tsaya can baya kamar ɓarawo. Na biyu, ke Asma'u. Kina jami'a a lokacin, kina karatun kwamfuta saboda ni. Da kika zo hutu na ga katin makarantarki a kan tabarma, da littattafanki, duk inda kika rubuta suna da hannunki Asma'u Faskari kika sa. Ban tambaye ki ba, ban kuma ga laifinki ba, na san abin da 'yan garinmu na can suke kiran ki. Amma ranar na shiga shago na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba a kasuwar 'Yankara. Da na share hawaye na kunna kwamfuta, na cire amsar misali daga tambayar nan. Tun daga ranar Birkila ba ta motsawa sai mutum ya rubuta sunansa. Ka danna enta har yatsanka ya gaji, tambayar za ta sake dawo maka.

Kada wani ya ce muku gyaran nan amsa laifi ne. Ban yi laifi ba. Na koyar da sana'a a shekarar da kowa ya naɗe hannu, kuma da za a sake katse sabis gobe, da na sake hawa motar Zariya. Wanda ya yi laifi sunansa Nazifi, wanda ya rufe shi da rigata sunansa Alhaji Mamman, kuma dukansu suna raye, in kun ga dama ku kai musu wannan babin su karanta. Ban ce ku yanke zumunci ba. Ku gaishe su in kun haɗu, ku je musu biki da ta'aziyya. Amma kada ku ƙara sunkuyar da kai a gabansu, don ba mu ne masu abin kunya ba.

Ke Asma'u kin riga 'yan'uwanki ji, ba kuma daga bakina ba. Ran sadakar arba'in ɗin Inna, muna dawowa daga Sabuwa, mahaifiyarku ta ja ki kicin ta zazzage miki komai, ta ce ita dama ba ta yi wa kowa alkawari ba, kunyata kawai take ji. Washegari da hantsi ina shago ina kaɗe ƙura a kan kwamfutocin da ba mai taɓawa, sai ga ki kin shigo, idanunki sun kumbura. Kika ce wai za ki fara aikinki na kammala karatu, kina son Birkila. Na san ƙarya kike, kuna da waɗanda suka fi ta a makaranta, amma na kunna miki. Kika rubuta umarnin, ta tambayi sunan aiki kika ba ta. Sai ta kawo tambayar marubuci, ta tsaya tana jira. Na kau da kai ina duban titi, amma kunnena na kan maɓallan. Da na waiwayo kin rubuta Asma'u Rabe Isiyaku, yatsanki na kan enta ba ki danna ba.

“Baba, wannan a shafin farko zai fito ko? Duk wanda ya buɗe zai gani?”

Na ce, “Duk wanda ya buɗe.”

Kika ce, “To, haka nake so.”

Kika danna.